FAFSA: yadda muka nema wa 'yata tallafin karatun jami'a a Amurka

Lokacin da babbar 'yata ta shiga ajin ƙarshe na sakandare a nan Amurka, wani abokina ya haɗa ni da wani mai cike wa mutane takardu. Mutumin ya ce in kawo dala 300 zai nemo mata tallafin karatu. Har na fara harhaɗa kuɗin, sai yarinyar ta tare ni a bakin kicin ta ce, "Baba, don Allah kar ka ba shi ko sisi. A makaranta an gaya mana kyauta ne." Gaskiyarta kuwa. Fom ɗin da ake kira FAFSA na ma'aikatar ilimi ta tarayya ne, yana shafin studentaid.gov, kuma ba a biyan komai. Shi ne ƙofar kusan duk wani tallafi: na tarayya, na jiha, har da na makarantu da yawa.

Mun zauna mun cike shi a watan Disamba na 2024, bayan sallar isha'i, ita da kwamfutarta, ni da wayata. Na zo da jakar takardun haraji cike, ina tsammanin za mu kwana muna lissafi. Ashe da zarar ka ba da izini, shafin da kansa yake ɗauko bayanan kuɗin shigarka daga hukumar haraji ta IRS. Izinin nan dole ne, in uba ko uwa suka ƙi bayarwa, yaron ba zai samu tallafin tarayya ba. Da yake ni da maman yara tare muke cike haraji, ni kaɗai aka buƙata. Waɗanda suka riga mu sun sha wahalar tsohon fom mai tambayoyi fiye da 100. Mu kuwa ba mu yi awa ɗaya ba, da ba don abu guda ba.

Ɗalibi shi yake gayyatar mahaifinsa cikin fom ɗin, kuma a fom ɗin da muka cike a 2024, sai sunan da ya rubuta ya yi daidai da wanda ke kan katin Social Security, wato katin lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, harafi da harafi. Ita ta rubuta Muhammad yadda muke rubutawa a gida, a katina kuwa Mohammed ne. Gayyatar ta ƙi bayyana a wajena, muka yi ta dube-dube har sai da na ciro katin daga walat muka ajiye shi kusa da allon. Duk mai suna irin namu da ake rubutawa hanya biyu ko uku, ya ajiye katinsa a gabansa tun kafin a fara.

'Yan uwa daga gida suna yawan tambayata ko za su iya cike wa 'ya'yansu. Amsar ba ta da daɗi, amma gara a ji ta. Tallafin tarayya na ɗan ƙasa ne, da mai katin zaman dindindin, da ɗan gudun hijira, da wanda aka ba mafaka, da wasu 'yan rukunai irin waɗannan. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ta F-1 ba ya ciki. Nasa sai dai daga aljihun makarantar, kuma wasu jami'o'i masu zaman kansu suna neman wani fom daban, CSS Profile na College Board, wanda ake biyan dala 25 a makaranta ta farko da dala 16 ga kowace ƙari, sai in an yafe maka. Wani abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: matsayin yaron ake dubawa, ba na iyaye ba. Yaron da aka haifa a nan ya cancanta ko da iyayensa ba su da lambar Social Security. Sauran sharuɗɗan su ne shaidar kammala sakandare, da shiga makarantar da gwamnati ta amince da ita, da ci gaba da cin jarrabawa bayan an shiga. Kuma in yaro bai kai shekara 24 ba, bai yi aure ba, bai yi soja ba, ba shi da ɗan da yake ciyarwa, to galibi a ƙarƙashin iyayensa ake lissafa shi ko da ya kama ɗakinsa.

Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito, wata lamba da ake kira SAI. Ba kuɗin da za ka biya ba ne, ma'auni ne na ƙarfin gidanku, yana iya sauka har zuwa -1500. Makaranta tana cire shi daga jimillar kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai, abin da ya rage shi ne buƙatarku. Gidan da kake zaune ciki da asusun fanshonka ba sa shiga lissafin, wannan na yaba masa. Abin da ban yaba ba shi ne tun daga 2024 an daina duba yawan 'ya'yan da kake da su a jami'a lokaci guda. Ga mai yara rututu irina, wanda ƙanenta ke biye da ita da shekara biyu, wannan canji ya taɓa mu.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne wasiƙun da makarantu ke turowa. Fom ɗin yana karɓar makarantu har 20, mu biyar muka sa. Kowace ta turo takarda da kalmar tallafi a samanta, amma abin da ke ciki kala uku ne. Akwai kyauta, kamar tallafin Pell, wanda aka sa wa sunan Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island. Mafi yawansa a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne, ba a mayarwa, kuma ana iya karɓarsa na zango 12. Akwai aikin ɗalibi, wato ɗan aikin sa'o'i da yaro zai yi a biya shi, sai ya yi kafin ya ga kuɗin. Sannan akwai bashi.

Wata makaranta ta turo mana takardar da ta nuna a ƙasa cewa saura sifili mu biya. Maman yara har ta fara kiran 'yan uwa. Da na sa tabarau na bi layi-layi da biro, sai na ga kaso mafi girma rancen iyaye ne na PLUS, da sunana, da kuɗin ruwa kashi 8.94 cikin ɗari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Bashi ba abin ɓoyewa cikin kyauta ba ne, balle ga wanda zai aza hannu bai iya Turanci sosai ba.

Rancen ɗalibi shi ma iri biyu ne. A shekarar farko iyakarsa dala 5,500, daga ciki har 3,500 na iya zama wanda gwamnati ke ɗauke wa kuɗin ruwa muddin yaro yana karatu, da wata shida bayan ya gama. Ɗayan kuwa tun ranar da aka ba da shi ruwa yake hawa, kashi 6.39 cikin ɗari a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026. Mu da batun riba ke damunmu mun daɗe muna shawara a kai. Ba dole ba ne ka karɓi duk abin da aka jera maka, kana iya ɗaukar kyautar ka bar bashin, kuma haka muka yi.

Akwai giɓin da ya rage, shi ya kai ni ofishin tallafi na makarantar da ta zaɓa. Fom ɗin yana amfani da harajin shekara biyu baya, namu na 2023 ne, alhali a 2024 an rage mini sa'o'in aiki sosai. Matar da ke ofishin ta saurare ni, ta ce doka ta ba su ikon sake duba lissafi in hali ya canza. Ta nemi takardun albashina na baya-bayan nan da wasiƙa daga wurin aiki. Bayan 'yan makonni Pell ɗin yarinyar ya ƙaru. Da ban taka na je ba, babu wanda zai san halin da muke ciki.

Kowace shekara ake sabunta fom ɗin, yawanci daga 1 ga Oktoba, kuma jihohi da makarantu suna da nasu wa'adin da ke rufewa tun kafin na tarayya, wasu ma wanda ya riga zuwa shi ke samu. 'Yata ta zagaye ranar da jan biro a kalandar kicin, ta rubuta sunan ƙanenta a gefe, don ya zauna kusa da ita ya ga yadda ake yi kafin nasa ya zo.