Lab ɗin da nake gwajin AFP duk wata shida: hannu da kyau, bayani babu

Shekara uku kenan ina zuwa wani lab mai zaman kansa a nan cikin Kano, ba zan kama suna ba, duk wata shida ana ɗibar min jini ana gwajin AFP, wato gwajin jini da ake neman alamar kansar hanta da shi, don haka ina ganin na isa in ce wani abu kan aikinsu.

Asalin abin jini naje bayarwa lokacin da matar yayana zata haihu, aka dawo min da cewa ba za a ɗauki nawa ba wai ina da ciwon hanta nau'in B, ni da ko ciwon kai ban cika yi ba. Ashe muna da yawa, binciken da gwamnatin tarayya tayi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, allurar rigakafinsa kuma sai 2004 ta shiga cikin na yara, mu da aka haifa kafin nan haka muka taso. Da likitan hanta yaji cewa mahaifinmu kumburin ciki ne ajalinsa sai ya ajiye biro yace min, Malam abu biyu zaka riƙe, hoton ciki da gwajin AFP, duk wata shida, ko kana jin kanka garau. Dalili kansar hanta bata nuna kanta da wuri, kafin ido yayi ɗorawa ciki ya kumbura ta riga tayi nisa, kuma mu ƴan Afirka masu wannan ƙwayar cutar tana kama mu da ƙuruciya fiye da Turawa.

Inda suka burge ni dai suna da sauri kuma wajen tsaf yake. Matar da ke ɗibar jinin, wlh hannunta kamar ba hannu ba, tsira ɗaya take yi ko da jijiya ta ɓuya, a gabanka take ɓare allura, a gabanka take rubuta sunanka jikin kwalbar ta juyo maka da ita ka karanta kafin ta jefa a tire. Shi AFP baya buƙatar azumi, hoton ne ake cewa kazo baka ci komai ba, sai nake haɗa su rana ɗaya da sassafe in fito in wuce wajen mai shayi. Washegari sakamako ya shigo WhatsApp. Kuma injin ɗaya suke amfani da shi tun da na fara, wannan yana da muhimmanci don likita yace kar in dinga yawon lab, lambar wani injin bata cika dacewa da ta wani ba, shi kuma hawa da saukar lambar yake bi.

Matsalata da su wata fasta ce da suka manna kusa da kanta, wai zo kayi gwajin kansa da jini kasan matsayinka. Ranar nan wani dattijo yana gabana a layi, ya biya kuɗin AFP shi kaɗai, yana ce ma yarinyar kanta, ƴata in ya fito da kyau shikenan bani da ita ko? Tace eh Baba in sha Allah. Na kasa haƙuri na bishi har bakin ƙofa nace Baba kayi haƙuri da shisshigi, amma ka haɗa da hoto ka kai ma likita. Ya kalle ni kamar ni nake son cin kuɗinsa.

Shi fa AFP wani sinadari ne da hantar jariri ke yi tun yana cikin uwa, bayan haihuwa sai ya sauka, a babban mutum yawanci baya wuce 10. Wasu kansar hanta suna dawo da yinsa shi yasa ake aunawa, in ya kai 20 likitoci sai su fara bincike, in ya haura 400 ga kuma ƙari a hoto to zargi yayi ƙarfi. Amma ba kowace ce ke yinsa ba, ana samun mutum da ƙari a hanta lambarsa tana zaune lafiya lau, musamman ƙanana na farko-farko waɗanda su ake nema tun asali. A ɗaya gefen kuma mai juna biyu nata yana hawa, wanda hantarsa ta kumbura ko ta ƙeƙashe nasa yana hawa, har wata kansar ƴaƴan maraina tana ɗaga shi. To ya za ayi ka sayar da wannan a matsayin eh ko a'a?

Ni kaina na ɗanɗana. A zuwana na huɗu ne, ƙarfe tara da wani abu na dare ina cin tuwo sakamako ya shigo, 34, an sa masa H, wato yayi sama, da jan rubutu, alhali a baya 5 ne, 6 ne. Babu ko layi ɗaya na bayani, babu kaje kaga likitanka, na kira lambar tasu tana ta ringin ba a ɗauka. Na ture kwanon, uwargida tana tambaya lafiya nace ba komai, na kwana ina lissafin bashin da ake bina da wanda nake bi da kuɗin makarantar yara. Da safe na koma nace ma yaron da ke bada takardu ɗan'uwa wannan me yake nufi, yace gsky Yallabai yayi sama, ya cigaba da danna waya.

Sai da na samu likita bayan kwana biyu ya haɗa da sauran gwajin, yace ALT ɗina, gwajin da ke nuna ko hanta tana jin rauni, shi ma ya tashi sosai, alamar ƙwayar cutar ce ta motsa tana ƙona hantar, kuma hanta in tana gyara kanta tana fitar da AFP. Duk da haka bai yi wasa ba, ya tura ni CT irin wanda ake zuba ruwan allura a jijiya, don da shi ko MRI ake tabbatar da ƙari, ba da jini ba. Alhamdulillah ba a ga komai ba. Ya duba yawan ƙwayar cutar ya ɗora ni kan tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar cutar, bayan ƴan watanni lambar ta dawo 7. Ya kuma ja min kunne kan jiƙe-jiƙen maganin shawara da gyaɗa ko masara mai fumfuna, wai gubar aflatoxin da ke ciki in ta haɗu da ciwon hanta B haɗarin ninkuwa yake, tun ranar ƙuli-ƙulin da ban san inda aka yi shi ba na haƙura da shi, da ƙyar dai.

Na tambaye su ko suna yin PIVKA-II da AFP-L3, wasu gwaje-gwajen jini ne da a Japan ake haɗawa da AFP don a rage kansar da ke zille ma gwaji, suka ce basa yi. Ban riƙe su da wannan ba, likita ma yace hoton da AFP ɗin in ana yi kan lokaci su ne ginshiƙi, kuma shi PIVKA ɗin mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko mai ƙarancin bitamin K nasa yana hawa ba tare da kansa ba.

Tauraro uku cikin biyar na basu. Kuɗinsu ba arha bane amma bai wuce na sauran ba, suna karɓar tiransifa, janareto baya ɗaukewa. Zan koma wata mai zuwa don matar nan mai allura da injin nan nasu, amma na roƙe su su daina turo min sakamako da dare, in zo da kaina in karɓa ranar da zan ga likita. Maganar fasta kuma na faɗa ma manajan, yace za a duba, wancan zuwan dai tana nan, har sun ƙara mata salatif.