Don Allah a kula da masu cewa za su saka ku a gasar talabijin

Jama'a ku tsaya ku karanta wannan, ko ba don kanku ba don yaran gidanku. Ƙanena abin ya faɗa wa kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake.

Yaron nan tun yana ƙarami ba shi da buri irin ya ga kansa a kujerar nan ta gasar kacici-kacici, wadda ake maka tambaya ka zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu kuɗi na ta hawa. Yana da wani littafi da ya cika da sunayen manyan biranen ƙasashe da shekarun tarihi, har bangon ya yage don yawan buɗawa, in ana shirin kafin mai gabatarwa ya gama karanto tambaya shi ya riga ya faɗi amsa. To watan jiya sai ya ci karo da talla a Facebook wai ana ɗaukar sababbin 'yan takara, ga tambarin shirin, ga hoton mai gabatarwa, ga bidiyon waɗanda suka ci suna kukan murna, ashe duk daga shafin gaske aka kwaso aka liƙa. Ya cike fom, washegari wata mata ta yi masa magana a WhatsApp wai ita ce mai tantancewa, ta turo tambayoyi 10 ya amsa, ta ce ya ci duka an zaɓe shi.

Na ga tambayoyin daga baya, ɗan firamare ma zai ci. Ba ilimi suke aunawa ba, so suke ka ji a ranka ka riga ka shiga, don wanda ya ji ya shiga da wuya ya yarda ya fita saboda ɗan kuɗin rajista.

Daga nan aka fara. Kuɗin rajista, ya tura. Sai kuɗin riƙe masa ɗakin otal wai za a mayar masa ranar ɗaukar shirin, ya tura, kuma kowane karo asusun da ake ba shi sunan wani mutum ne daban, ba sunan kamfani ba. Kullum maganar ɗaya ce, awa 24 gare ka in ba haka ba a ba wani gurbinka, kuma kar ka gaya wa kowa ko 'yan gidanku don dokar shirin ce. Wannan ɓoyon ne ya fi cin raina, da ya nuna min tun ranar farko da ba a kai nan ba.

Sai suka zo da babbar, wai in ya ƙara wani abu za a turo masa tambayoyin da za a yi masa tun kafin ranar. Duk wanda ya ce maka haka ɓarawo ne kawai. A Amurka an taɓa yin wannan badaƙala a shekarun 1950, aka gano ana ba 'yan takara amsa a shirin Twenty-One, maganar ta kai majalisa, a 1960 aka yi dokar da ta mai da maguɗi a irin waɗannan gasa laifi. A Ingila ma Charles Ingram ya ci fam miliyan 1 a Who Wants to Be a Millionaire a 2001, aka zarge shi da samun amsa ta hanyar tarin da wani ke yi a cikin zauren, ba a ba shi kuɗin ba, a 2003 kotu ta same shi da laifi. Shirin da ke tsaron tambayoyinsa haka shi ne zai sayar maka da su a WhatsApp?

Da ya ce ba shi da sauran kuɗi sai matar ta ce ba komai, ya karanto mata lambobi 6 da za su shigo wayarsa don a tabbatar da shi. Lambar shiga WhatsApp ɗinsa ce. Cikin mintuna suka ƙwace, suka hau tura wa dangi saƙo da sunansa wai yana cikin matsala a taimaka, ta haka ma na sani, don ni ma saƙon ya zo min.

Shirin gaske ta shafin gidan talabijin ɗin ko kamfanin da ke shirya shi ake nema, kai za ka je can da kanka ka duba, kar ka bi linkin da aka turo maka. Ana tantancewa, ana jira, wasu su yi watanni ba a kira su ba, kuma ba mai yi maka alkawarin kujera don ka tura kuɗi asusun wani. Hoton katin shaida da lambar katin banki da duk lambar da ta shigo wayarka, kar ka ba kowa. Ku kunna makullin tabbatarwa na biyu (two-step verification, wato lambar sirri da kai za ka zaɓa) a WhatsApp yau ɗin nan, ku saka wa iyayenku ma.

In har an riga an cuce ka, kira bankinka nan take, ka ɗauki hoton hirar duka kafin su goge, ka kai rahoto wajen 'yan sanda, ka kai ƙarar shafin da ya yi tallar wajen Facebook. Mu mun dawo da WhatsApp ɗin, kuɗin kam shiru. Kuma jiya wani ya kira shi wai zai ƙwato masa kuɗinsa in ya biya ladan aiki, na karɓi wayar na kashe na toshe lambar.