Wasiƙa zuwa ga Kawu a Jos: batun na'urar nuna hanya ta manyan motoci

Assalamu alaikum Kawu. Ina fata kana lafiya, da iyali, da yaran gareji baki ɗaya. Ya sanyin Jos? Saƙonka ya iso ni, inda ka ce in sayo maka irin na'urar da ka gani manne a gilashin motar da nake tuƙawa, a sa wa tirelolinka. Kafin in taɓa kuɗinka, bari in yi maka bayaninta dalla-dalla, domin aikin da take yi a nan Amurka da wanda za ta yi a hanyar Akwanga akwai rata mai yawa a tsakani.

Ka san aikina shi ne kai sababbin motoci daga masana'anta zuwa wurin dillalai. Yankin Elkhart a jihar Indiana nan ake ƙera mafi yawan motocin kwana na ƙasar nan, waɗanda suke kira RV. Babbar cikinsu tana da ɗakin kwana da falo da kicin da banɗaki, ga firji, ga janareta, ga tukunyar gas a ƙarƙashi. Tsawonta yakan kai ƙafa 45, wato kusan mita 14, faɗi ƙafa 8 da rabi, tsayi kuwa tsakanin ƙafa 12 da 13. Masu sayen su galibi dattawa ne da suka yi ritaya, miji da mata, waɗanda duk rayuwarsu ƙaramar mota suka sani. Babu yaron mota, babu kwandasta. A wurinka, in tirela ta zo ƙarƙashin wayar wuta da ta yi ƙasa, yaro zai haye kan kaya da gora ya ɗaga ta, wani yana ƙasa yana bugun bodi yana cewa "taho, taho, tsaya!" A nan direba shi kaɗai ne. Kuma da yawanmu muna jan ƙaramar mota a baya da sandar ja, wadda za mu koma gida da ita bayan mun miƙa babbar. Muddin tana ɗaure ba a yin ribas. In ka shiga hanyar da ba ta ɓulle ba, sai ka sauka ka kwance ta a tsakiyar titi, ka juya babbar, ka sake ɗaurawa, mutane na jira a bayanka.

Wannan ne ya sa wayar hannu kaɗai ba ta isa ba. Google Maps da Waze sun iya nuna inda cunkoso yake da hanya mafi sauri, amma babu inda za ka rubuta musu tsayin motarka ko nauyinta. Duk wanda ya buɗe su, mai ƙaramar mota suke ɗaukarsa. A kewayen birnin New York akwai tsofaffin hanyoyi da ake kira Parkway, an gina su tun kafin yaƙin duniya na biyu don ƙananan motoci, gadojinsu na dutse ne kuma gajeru, an hana manyan motoci hawansu, amma waya takan tura baƙon direba can saboda ita ce gajeriyar hanya. A Boston akwai titin Storrow Drive mai gadojin da ba su wuce wajen ƙafa 10 ba, duk shekara lokacin komawar ɗalibai sai an samu motar haya da ta bar rufinta a jikin gada. Wadda ta fi suna ita ce gadar jirgin ƙasa ta garin Durham a North Carolina. Tsayinta ƙafa 11 da inci 8 ne, wani mai ofis a kusa ya kafa kyamara tun 2008, ya ɗauki motoci sama da 100 suna karo da ita. A 2019 aka ɗaga ta da inci 8, kuma har bayan haka ba a daina bugunta ba.

Ita na'urar manyan motoci, abu na farko da take tambayarka shi ne awon motar: tsayi, faɗi, tsawo, nauyi, ko kana jan wani abu, ko akwai gas a jiki. Da wannan take tace hanyoyi, ta zubar da duk wadda ba za ka wuce ba. To a nan ne direban kirki yake bambanta da wanda ya karɓi makulli kawai. Ba na yarda da lambar da ke cikin takardar masana'anta, domin sau da yawa ana ƙara kaya a kan rufi, kamar na'urar sanyaya ɗaki da eriya da faifan tauraron ɗan adam. Kafin in tashi nakan faka motar a shimfiɗaɗɗen wuri, in jira iskar ƙafafun ta cika ta ɗago yadda za ta yi tafiya, in hau tsani, in ɗora doguwar falanki a kan abin da ya fi komai tsayi a rufin, in sako tef daga bakin falankin zuwa ƙasa. Abin da ya bayar in ƙara masa 'yan inci, in shigar a na'ura, sannan in rubuta shi da babban baƙi a takarda in manna kusa da sitiyari, da ƙafa da kuma mita, saboda in an tsallaka Kanada allunansu da mita suke. Ƙarin incin nan yana da dalili: in aka sake shimfiɗa kwalta a ƙarƙashin gada titi ya ɗago, ba kullum ake canza allon ba.

Game da zaɓi kuwa, kasuwar ba ta da faɗi kamar yadda mutum zai zata. A nan Garmin ne ya fi yawa. Yana da jerin RV na motocin kwana da jerin dezl na tireloli, allonsu inci 7 ko 8 ko 10, kuɗinsu daga wajen dala 400 zuwa 900 gwargwadon girma. 'Yan uwanmu da ke Turai sun fi ambaton TomTom, kamfanin ƙasar Holan. Akwai kuma manhajojin waya irin su CoPilot da Sygic da RV LIFE da suke karɓar awon mota, ana biyansu shekara-shekara. Manhaja ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma wanda yake fita sau ɗaya a shekara ta ishe shi. Ni dai na zaɓi na'ura mai zaman kanta, mai inci 8. Gilashin waɗannan motoci yana da nisa da kujerar direba, ƙaramin allo sai ka sunkuya kafin ka karanta, mai inci 10 kuma yana tare wani ɓangare na titi. Waya tana ɗaukar zafi in rana ta doke ta, kira yana shigowa ya rufe taswira daidai lokacin da kake neman layin da za ka bi a mahaɗar hanyoyi. Na'urar kuwa taswirarta tana cikinta, siginar da take karɓa daga taurarin GPS take zuwa kai tsaye, ba ruwanta da layin waya ko data, don haka a hamadar Nevada ma tana aiki. Duk da haka wayar tana gefe don labarin cunkoso, kuma a aljihun ƙofa akwai littafin taswira na direbobin tirela na Rand McNally, wanda ya jera gajerun gadoji jiha-jiha. Da daddare kafin tafiya nakan gwada abin da na'ura ta zana da abin da littafin ya ce.

Batun gas ya isa a tsaya a kansa. A Baltimore akwai ramuka biyu da titi ya bi ta ƙarƙashin ruwa, Harbor da Fort McHenry, kuma an hana motar da ke ɗauke da tukunyar gas mai nauyin sama da fam 10 shiga cikinsu. A da irin motocinmu sukan zagaya ta gadar Francis Scott Key. Ranar 26 ga Maris 2024 jirgin ruwan dakon kaya ya doki ginshiƙinta ta rufta, ma'aikata shida suka rasu. Daga ranar, hanyar da ta rage ita ce zagayen yammacin gari. Wanda bai sabunta taswirarsa ba, na'urarsa ba ta san gadar ta faɗi ba. Shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata nake ce masa ya tabbata sabuntawar kyauta ce kuma ta Wi-Fi ake yinta, ya kuma yi ta kafin kowace doguwar tafiya.

Inda na fi tuna ku shi ne kan duwatsu. A Colorado, hanyar I-70 tana ratsa ramin Eisenhower a tudun da ya haura mita 3,300, kusan ninki uku na tudun Jos, kana fitowa ta yamma sai gangara mai kashi 7 cikin 100 ta miƙe mil da yawa. Tun kafin ka iso na'ura za ta yi ƙara ta nuna maka gangarar, alluna su maimaita, kuma a gefen titi an yi hanyoyin tsira da suka haura tudu cike da tsakuwa, wanda burkinsa ya ƙone ya faɗa ciki ta riƙe shi. Duk lokacin da na wuce su sai Hawan Kibo na hanyar Jos zuwa Akwanga ya faɗo mini a rai, da irin mutanen da muka rasa a wurin. Amma abin da ke saukar da ni lafiya shi ne abin da ka koya mini ina yaron motarka: a tsaya a sama a duba burki da tayoyi, a sa babbar giya tun kafin a fara gangara, a bar inji ya riƙe mota, kada a kwanta a kan burki. Na'ura gargaɗi kawai take yi, kuma takan yi kuskure. Wani lokaci za ta zagaya da kai mil 20 saboda gadar da tuni aka gyara, wani lokaci ta tura ka ƙaramar hanyar gona don a takarda babu abin da ya hana. In ita da allon titi suka saɓa, allon nake bi.

Ta fuskar ciniki, a nan in ka saya ka ga ba ta yi maka ba, yawancin shaguna suna karɓa cikin 'yan makonni su mayar maka da kuɗinka, ga garantin shekara guda. Amma in garanti ya ƙare allo ya fashe, da wuya ka sami mai buɗe ta. A wannan kam yaran da ke gyaran waya a wajen Terminus sun fi su, abin da za a jefar a nan su za su tayar da shi kafin la'asar.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban sayo maka ba. Wadda ake sayarwa a nan taswirar Arewacin Amurka ce a cikinta. Ko an ɗora mata ta Najeriya, tsadarta ba a allo take ba, tana cikin bayanan da aka tara: hukumomin hanya sun auna gadoji, sun rubuta nauyin da kowace za ta ɗauka, sun kafa alluna, kamfanonin taswira suka kwasa. Abin da ke tare tirela a wajenmu kuwa dabam ne. Wayar wuta ce da ta sako a lungu, rumfar 'yan kasuwa da ta ci rabin titi a Farin Gada, kwalbatin da ruwan Agusta ya cinye, shingen da aka kafa jiya, da sanin wace hanya ba a bi bayan magariba. Wannan ilimi yana kan direbobinka da 'yan kamasho a tasha, kuma kafin ka gama shan shayi a Mararrabar Jama'a ka ji halin da hanya take ciki har Keffi. In ka biya dala 700 a kan na'urar nan, abin da za ka samu bai wuce abin da wayar direba take yi ba.

Shawarata, kowane direba ya sauke taswirar Filato da Nasarawa da Abuja a Google Maps don ta yi aiki ko babu sabis, a saya masa mariƙin waya mai ƙarfi da caja ta mota. In damuwarka sanin inda motocinka suke ne, wannan aikin tiraka ne, mai amfani da layin waya, ana samunta a Jos da Abuja, kuma gara ka saya inda mai sa ta zai dawo in ta lalace. Sannan ka sa yara su riƙa auna tsayin kowace mota bayan an gama lodi, musamman masu ɗaukar buhunan dankali da kabeji da ake tulawa sama da bodi, a rubuta a manna a gaban direba. Tef mai kyau da mariƙan waya zan ba wani ɗan uwa da zai taho Abuja bayan Sallah ya kawo maka, kuɗinka kuma suna nan yadda ka turo su, ka faɗa mini ko in mayar ko in sayi fitilun aiki da ka taɓa ambata.

A gaida Inna da su Yaya, a ce ina neman addu'a.