Kwantena, roro ko jirgin zube: wanne zai ɗauko maka kayanka?

Ɗan kasuwar da zai shigo da kaya ta teku a karon farko yakan ɗauka jirgin ruwa duk ɗaya ne. Ba haka ba ne. Akwai tankar da ke dakon fetur da gas, wannan ba harkar mu ba ce, ta manyan dillalan mai ce. Akwai jirgin zube, wanda ake ɗura wa alkama ko gishiri ko takin zamani a cikinsa ba tare da buhu ba. Idan ba kamfanin fulawa gare ka ba, wuce shi. Roro kuwa jirgin motoci ne, a tuƙa mota ta shiga, a tuƙo ta ta fito, kamar waɗanda kamfanin Grimaldi ke kawowa tashar Tin Can a Legas. Yana da sauƙin kuɗi, amma motarka a buɗe take tun daga Turai, makullinta na hannun mutanen da ba ka sani ba, kuma ba a yarda ka cika ta da kaya ba.

Ni dai jirgin kwantena nake so, ba na ɓoyewa. Tun 1956 da wani Ba'amurke mai harkar manyan motoci, Malcom McLean, ya loda akwatuna 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston, harkar dako ta sauya baki ɗaya. Hikimar a nan ita ce akwatin girmansa ɗaya ne a ko'ina: wanda aka rufe a Guwanzu ta ƙasar China shi ne tirela za ta ɗauko daga Apapa ko Onne ko tashar Lekki, har ta dire shi a Kano ba a taɓa kayan ciki ba, sai dai binciken kwastam. Mai ƙafa 20 yana cin kusan sibiyem 33 (sibiyem ma'aunin wurin da kaya ke ci ne, mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi), mai ƙafa 40 kusan 67, mai ƙafa 40 ɗin da ya fi tsawon kai kuma kusan 76. Kaya masu nauyi irin tayil da batir, ƙafa 20 ya fi dacewa da su, domin nauyi zai cika kafin wuri ya cika. Atamfa, takalma da kayan roba kuwa, ɗauki ƙafa 40. Akwai ma mai sanyi na kifi da magunguna. Kuma tun da aka buɗe tashar tudu ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023, ɗan Arewa ya samu wurin sauke kwantena kusa da gida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma da shi suke jigila ta Kwatano ko Lome.

Abin da ya fi damuna, wanda ya taɓa ƙona ni, shi ne haɗaka. Wanda kayansa ba su cika kwantena ba yakan bai wa ejan, ya haɗa da na wasu, a biya da sibiyem. Na taɓa ba wani kayana a Guwanzu, ya turo mini hoton takardar loda kaya ta WhatsApp, na saki jiki. Wata biyu ina jiran jirgi, ashe kayan ko sito ba su bari ba, takardar ta wani ce aka goge suna aka sa nawa. Uwar kuɗina ta kwanta, kakar sallah ta wuce ni.

Saboda haka kada ka yarda da hoto. Kowane kwantena yana da lamba, haruffa 4 da alkaluma 7. Karɓi lambar, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ko Maersk ne ko MSC ko CMA CGM, ka ga inda akwatin yake. Ejan ɗin da ya fara kame-kame in an tambaye shi lamba, akwai lauje cikin naɗi. Ka nemi lambar hatimin da aka rufe ƙofar da shi, ka gwada ta ranar buɗewa. Ka sa a auna kwalayenka a gabanka ko gaban wakilinka, domin ana ƙara sibiyem a takarda. Ka tambayi abin da abokan haɗakarka suka loda: mutum ɗaya ya cusa haramtaccen kaya, kwastam su riƙe kwantenan dukanku.

Sai masu cewa "farashi ɗaya har ƙofar shagonka". A rubuta maka abin da ke ciki: kuɗin jirgi, harajin kwastam, kuɗin tasha, tirela. In ba haka ba, jirgi na isowa za a kira ka a ce sai ka ƙaro, kai kuma ba ka da zaɓi, domin kwanakin kyauta da ake ba kwantena a tasha na ƙarewa kuɗin jinkiri zai fara hawa kullum. Fom M ɗinka ma, wato takardar neman izinin shigo da kaya, a banki ake buɗe shi kafin a loda kaya, kuma ka tabbata sunanka ko na kamfaninka ne a kai, ba na ejan ba.