Kundin bincike: a kan kantar ɗakin karatu ko a intanet?

Na taɓa neman wani kundin digiri a wani ɗakin karatu a nan Kano, na tarar gara ta cinye babi na uku. Kwafi ɗaya tak. Abin ya tsaya mini a rai.

Takarda ba ruwanta da wuta ko kuɗin data, amma sai wanda ya tako ya zo zai karanta.

Ma'ajiyar intanet irin Zenodo, wadda CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ta buɗe a 2013, kyauta ce. Ka ɗora aikinka haɗe da alƙaluman da ka tattara, a ba shi lambar DOI (lambar shaida ta dindindin da ake gano aiki da ita a intanet) da ranar ajiya. Mai shakka ya sake lissafin da kansa, wanda ya kwafa kuma ranar ta tona asirinsa. Ita nake nuna wa ɗalibaina, amma sai sun goge sunayen waɗanda suka yi hira da su.