Takardar sana'a kala-kala ce, kafin ka biya kuɗi tambayi wa ya tsaya mata

Jama'a barkanmu da warhaka. Ni aikin wayarin da haɗa sola nike yi nan Birnin Kebbi, kuma kusan duk sati sai wani ya tare ni, ko a shago ko bayan sallah, ya ce Malam yaro ya gama sakandare ina son ya samu takardar sana'a, wacce ta fi? Wani kuma babban mutum ne da ya shekara goma sha yana walda, aiki ya fito an ce ya kawo satifiket ba shi da ko fallen takarda. To na ce bari in zauna in rubuta sau guda, duk wanda ya sake tambaya in tura mishi.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, satifiket ba kwalliyarshi aka saye ba. Duk wani mai kwamfuta da firinta zai iya buga maka takarda mai ruwan gwal da hoton tutar Najeriya. Abin da ka ba takarda nauyi shi ne hukumar da ta tsaya bayanta, kuma hukumomin ga ba guda ba ne, kowacce da gonarta.

Bari in fara da abin da ya same mu a gida don ku san ba labarin kanzon kurege ba ne. Ɗiyar yayata anka kai wata makarantar kiwon lafiya mai zaman kanta, ba zan kama suna ba, gini mai kyau, yunifom fari tas, ga allo babba bakin hanya. Mahaifinta ya tambayi mai makaranta ko suna da rajista, anka nuna mishi takarda a cikin gilashi rataye ofis, hankalinshi ya kwanta. Ashe takardar ta rajistar kamfani ce, wato ta CAC, irin wadda ni ma nike da ita ta shagona. Shekara biyu yarinya tana karatu, an sai da buhunan shinkafa ba adadi, sai da lokacin jarrabawar ƙasa ya zo anka tarar hukumar da ka ba ma'aikatan lafiyar al'umma lasisi ba ta san da zaman makarantar ba, yara ba su da lambar indeksin, wato lambar rajistar da hukumar ka ba kowane ɗalibi kafin ya zauna jarrabawarta. Sai da ta koma wata makaranta daga fari. CAC sunan kasuwanci kawai take yi wa rajista, ba ruwanta da ko akwai malami ko babu.

To yanzu ga zaɓin da ke gabanka.

Na farko kuma mafi sauƙi ga wanda ya riga ya iya aiki a hannu shi ne tiret tes, wato gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mataki uku gare shi, ana farawa daga na 3, sai na 2, sannan na 1 shi ne babba, kar lambar ta ruɗe ka. Makanikai, direbobi, kafintoci, magina, masu wayarin, teloli duk suna yi. Amfaninshi a wajen neman ƙaramin aikin gwamnati ne ko kamfani, kuma in an buɗe ɗaukar soja ɓangaren masu sana'a za ka ga an sa shi cikin takardun da aka buƙata. Amma fa ba zai kai ka foliteknik ko jami'a ba, wanga ka cire a ranka. Matsalarshi kuma ita ce 'yan kamasho sun yi mishi yawa, wani zai ce kawo hoto biyu da kuɗi jibi ka amshi duka ukun, ba wanda ya ga ka riƙe sifana. Irin wagga takarda ranar da anka aika bincike kai za ka ji kunya. Ka tafi ofishin ma'aikatar da ƙafarka ka biya ta hanyar gwamnati ka amshi rasiɗi.

Na biyu NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha, hedikwatarta na Benin, tun 1992 take. Ita ka ba da NTC ga masu sana'ar hannu da NBC ga masu ɓangaren kasuwanci, akwai kuma na gaba da su ANTC da ANBC. Ni a ganina ga yaro ƙarami wanda bai yanke ƙauna da boko ba, wagga ita ce tsuntsu biyu da dutse guda, don takardar matsayinta guda da WAEC da NECO wajen neman gurbin karatu, in ya samu kiredit ɗin da aka so har da Turanci da lissafi zai iya rubuta JAMB da ita, kuma ga sana'a rubuce a jiki. 'Yan makarantun fasaha irin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Zuru ita suke rubutawa a zangon Mayu da Yuni, na waje kuma akwai ta Nuwamba da Disamba. Inda take da wuya, akwai rubutu da karatu, wanda ya tashi gareji tun yana ɗan shekara tara bai zauna aji ba zai sha wuya, gaskiya kenan.

Na uku shi ne babbar hanya, ND da HND, wato ƙaramar difloma ta ƙasa da babbarta, a foliteknik, kuma nan ne NBTE ka shigowa. Hukumar kula da ilimin fasaha ce ta ƙasa, an kafa ta 1977, ofishinta na Kaduna, ita ka tsara manhaja kuma ita ka turo mutane su duba makaranta. Nan zan ɗan daɗe don nan aka fi yin kuskure. NBTE kwas-kwas take tantancewa. Makaranta na iya zama sananniya shekara da shekaru, kwas ashirin duk da amincewa, amma na ashirin da ɗaya da anka buɗe bara bai samu ba tukun, kuma shi ne ɗanka ya faɗa. Masu tantancewar nan galibi malamai ne daga wasu makarantu da ƙwararrun fannin, sai su zo su kwana biyu uku, su shiga wokshof su ga injin na tashi ko ado ne, su ƙirga malamai da takardunsu, su duba laburare, su ɗauko tsoffin takardun jarrabawa da amsoshin ɗalibai su gani ko makin gaskiya aka bayarwa. Daga nan ko a ba da cikakkar amincewa, ko ta wucin gadi a ce ku gyara kaza da kaza mu dawo, ko a hana. Kuma ko cikakkar tana da wa'adi, tana ƙarewa a sake zuwa. Don haka in an ce maka ai muna da amincewa, ka ce ta wane kwas, ta wace shekara.

Muna da makarantun a kusa ba sai an tafi nesa ba, ga Waziri Umaru nan Birnin Kebbi, ga ta jiha a Dakingari, 'yan Zamfara ga ta tarayya a Ƙauran Namoda ga Abdu Gusau a Talata Mafara. Tsarin dai guda ne, ND shekara 2, a fita a yi shekara guda ta sanin makamar aiki, a dawo HND shekara 2, sannan bautar ƙasa. Wato shekara biyar kenan kafin a sa kaki, in gida ba ƙarfi sai a yi lissafi tun yanzu.

Wani tarko da ya kamata ku sani, akwai difloma akwai kuma ND, ba abu guda ba ne ko da a makaranta guda aka yi su. ND ta hanyar JAMB aka shiga, sunan yaro ya fito a shafinsu. Ita ko difloma ta cikin gida makaranta ce ka shirya abinta, ba laifi ba ne, tana da amfaninta musamman ga ma'aikacin da ka neman ƙarin girma a wurin aikinshi in sun yarda da ita, amma kar ka biya kana zaton ND ce, ranar neman HND a wata makaranta ko ranar tura suna bautar ƙasa nan rigima ka tashi. Haka mai karatun wucin gadi na ƙarshen mako, shi ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa aka ba shi. Ka tambaya tun a bakin ƙofa.

Na huɗu sabo ne ga mutanenmu amma ni shi ya fi burge ni, NSQ, wato takardar shaidar ƙwarewar sana'a ta ƙasa. Shi ma ƙarƙashin NBTE yake, sai dai ba zaman aji ba ne, abin da hannunka ya iya aka aunawa. Mataki-mataki ne daga na 1 zuwa sama. Mai aunawa zai tsaya kanka kana aiki, ya ga yadda ka ja waya, yadda ka kiyaye kanka da mutane, ya yi maka tambayoyi, a ɗauki hoto a tara shaida a fayil, sai wani na biyu ya binciki aikin mai aunawar, sai na uku daga hukumar da za ta ba da takardar ya zo ya binciki su duka. Mutum uku kan takarda guda, shi ya sa sayenta a bayan fage ke da wuya. Akwai ma tsarin da anka yi don tsofaffin hannu, a auna abin da ka riga ka koya wajen maigidanka ba sai ka koma ɗalibi ba, masu sana'ar Panteka ta Kaduna an yi wanga aiki da su, kuma Farfesa Idris Bugaje da anka naɗa shugaban NBTE a 2021 ya daɗe yana tallata shi. Rauninshi guda, har yanzu ba kowane mai ɗaukar aiki ya san shi ba, za ka iya miƙa takardar a ce mi ne ne wanga, kuma ba kowace cibiya ke da izinin yi ba. Kafin ka biya ka tambayi wace hukuma ce za ta buga takardar, in sunka ce mu da kanmu, ɗauki hularka.

Sai takardun horo na gajeren lokaci, irin na ITF, asusun horas da ma'aikatan masana'antu mai hedikwata a Jos, da NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, da waɗanda 'yan siyasa ka shiryawa a raba keken ɗinki. In kyauta ne ka je, za ka ƙaru, wani lokaci har da kayan aiki. Amma yawanci shaidar halarta ce, tana cewa ka zauna an koya maka, ba ta ce an gwada ka ka ci ba. City & Guilds ta Ingila kuma tsohuwar takarda ce mai daraja, iyayenmu da sunka yi makarantun fasaha na da sun san ta, masu tunanin fita waje suna nemanta, sai dai kuɗinta da nauyi kuma dole cibiyar ta zama cikin waɗanda su can Landan sunka amince da su.

Ɓangaren lafiya shi dabam ne kwata-kwata, kuma nan ne aka fi cutar iyaye yanzu don kowa na son ɗiyarshi ta yi aikin asibiti. Nas da ungozoma majalisarsu dabam, CHEW, wato kwas ɗin ma'aikacin lafiyar al'umma mai shekara 3, da ƙaraminshi JCHEW mai shekara 2 suna ƙarƙashin hukumar ma'aikatan lafiyar al'umma, masu gwajin jini tasu dabam, masu harhaɗa magani tasu dabam. Amincewar NBTE kaɗai ba ta isa a nan, in majalisar sana'ar ba ta yarda ba babu lasisi, in babu lasisi babu aiki. Kuma kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da anka yarje mata ta ɗauka, wata za a ba ta kaɗan ta kwashi ninki uku, sauran su yi ta jiran indeksin shekara na wucewa. Ko ta gwamnati ce irin ta Jega ko ta Tsafe ko mai zaman kanta ce, tambayar guda ce, kwas ɗin ga na da amincewar majalisa, kuma mutum nawa anka ba ku. Hanya mafi sauƙi ka samu 'yan aji na ƙarshe ka tambaye su ko an yi musu indeksin, ɗalibi ba ya ɓoye maka irin wanga.

To wanne za a zaɓa? Ya danganta da ƙofar da kake son buɗewa. Ƙanena da ya tashi hannuna, ya iya wayarin fiye da wasu masu difloma amma boko bai zauna mishi ba, tiret tes na sa ya yi, yanzu muna neman cibiyar NSQ mai izini. Ɗan maƙwabcina mai shekara sha biyar kai na ja, na ce wa babanshi makarantar fasaha da NABTEB, in Allah ya sa ya ci sai foliteknik. Wanda kuma burinshi ya buɗe shagon kanshi a Jega ko Yawuri ya yi ta gyaran injin ban ruwa na masu shinkafa da albasa, gaskiya maigida na ƙwarai ya fi mishi kowace takarda amfani a shekarun farko, manomi ba ya tambayar satifiket, injin ya tashi kawai. Takardar sai ta biyo baya ranar da kwangila ko aikin kamfani ya taso.

Ban sa farashi ba da gangan don kuɗin na canzawa kusan duk shekara, abin da na biya wa ƙanena ba shi za ka tarar ba. Abin da dai zan ce, duk inda za ka biya ka nemi rasiɗi mai sunan makaranta ko na asusun gwamnati, kar ka tura a asusun wani mutum ko da ya ce shi ne rajistara. Sannan NBTE na da jerin makarantu da kwasa-kwasan da ta amince da su a shafinta na intanet, in ba ka iya dubawa ka ba yaron gida waya ya duba maka sunan makarantar da sunan kwas ɗin duka biyu. Mu da munka yi haka tun farko da shinkafar yayata na nan cikin rumbu.