Taswirar yaƙin Janar Sherman da na saya a Jidda

Riyal 90 na biya, har da kuɗin mandub ɗin da ya kawo ta gida. Ɗana na biyu ne ya matsa mini, wai a makarantarsu an kai yaƙin basasar Amurka, kuma shi aka ba wa Janar William Sherman ya yi bayani a kansa. Ni tela ne, ina ni ina tarihin Amurka? Sai ga shi mako biyu da kafa ta a bangon falo, na fi yaron tsayuwa a gabanta.

A naɗe ta zo cikin kwali, kusurwa ɗaya ta lotse. Na yi wa shagon magana ta WhatsApp, har yau shiru kake ji. Takardar kam ba laifi, mai kauri ce, an rufe ta da leda, damshin Jidda bai yi mata komai ba. Rubutun ne ƙanana, sai da tabarau, kuma Turanci zalla, ko Larabci babu.

Kibiyoyi shuɗaye ne suka taso daga Atlanta ranar 15 ga Nuwamba 1864, suka ƙare a Savannah, bakin teku, 21 ga Disamba. Soja kimanin 60,000, tafiyar wajen kilomita 460, Janar Howard na riƙe da ɓangaren dama na rundunar, Janar Slocum na hagu. Sun bi ta Milledgeville, wadda a lokacin ita ce hedikwatar jihar Jojiya. Sherman da gangan ya rabu da layin dogon da ke kawo masa guzuri, ya ce rundunar ta ci daga gonakin mutane. Masara, dankali, kaji, alfadarai, duk abin da hannu ya kai. Wanda ba a iya ɗauka ba, wuta.

Wani ɗan hoto a ƙasa shi ya fi tsaya mini. Sojoji sun tara katakon layin dogo sun cinna masa wuta, sun ɗora ƙarfen a kai, da ya yi jawur suka naɗe shi a jikin bishiya kamar rawani, yadda ba maƙerin da zai miƙe shi. A gefe an rubuta cewa shi kansa Sherman ya ƙiyasta ɓarnar a kan dala miliyan 100, kuma ya aika wa Shugaba Lincoln telegiram yana ba shi Savannah kyautar Kirsimeti, da igwa 150 da dilar auduga wajen 25,000.

Inda taswirar ta ba ni haushi shi ne rafin Ebenezer. Ɗan zaren ruwa kawai aka zana, ko kalma ɗaya babu. Yaron ne ya dawo da labarin daga malaminsu: ranar 9 ga Disamba, ɗaruruwan bayin da suka gudo suna bin rundunar sun iso bakin rafin, sai Janar Jefferson C. Davis, na ɓangaren Sherman ɗin, ya sa aka janye gadar da sojojinsa suka haye. Mahayan dawakan Kudu, ɓangaren da Sherman ke yaƙa, na tafe a baya. Mutane suka faɗa ruwa da 'ya'yansu, da yawa ba su fito ba. Mai taswira ya sami wurin ƙirga auduga, bai sami na waɗannan ba.

Ran Juma'a maƙwabcinmu ya shigo shan shayi, dattijo ne Bahaushen Sudan, yaƙi ya sa iyalinsa sun baro garin Wad Madani a Disamban 2023. Ya daɗe yana bin kibiyar da yatsa. Na ce, "Baffa, wannan fa na Amurka ne, tsohon zance." Ya ce, "Na gani, ɗana. To ina rumbunan da ke kan hanyar?" Na rasa ta cewa, sai na ƙara masa shayi.

Idan ranaku da sunayen garuruwa yaronka ke nema don jarrabawa, ka saya, kuɗinta bai yi yawa ba. Mu dai mun sa alƙalamin maka ja mun kewaye rafin, yaron ya rubuta kwanan watan a gefe da hannunsa.